Sai Na Cire Murfi Kafin In Faɗi Kuɗi

Hoto ɗaya aka turo min ta waya. Akwatin wuta ne na ƙarfe, fentinsa ya koɗe, murfinsa a rufe. A ƙarƙashinsa aka rubuta: "Malam, nawa za a cire wannan a sa babba?" 'Yar mai gidan ce ta turo. Ta ce mahaifinta ya gaji da ƙonewar fis kusan kullum da dare, ga shi kuma suna son ƙara iyakwandishan biyu, da hitar ruwan wanka, da murhun lantarki a kicin.

Na ce mata ba zan iya yanke kuɗi a kan hoto ba. Ta ce ko kintace ne in yi, don su san inda suka dosa. Na fahimci damuwarta sarai, amma na taɓa yin irin wannan kintacen, kuma na san inda ya kai ni. Shekarun baya na faɗa wa wani kuɗi a waya, na je na kafa masa sabon akwati, ina ɗaga makunni bireka ya faɗi. Kwana biyu ni da yarona muna rarrafe a cikin silin, muna neman inda wani tsohon ma'aikaci ya haɗe nutural ɗin layi biyu wuri guda, wato wayoyin da wuta take komawa ta cikinsu. Mai gidan ya ce shi kuɗin da aka faɗa masa da farko ya sani, kuma gaskiyarsa ne. Lambar da mutum ya fara ji ita ce take zauna masa a rai. Duk abin da ka kawo bayanta, komai ƙarfin dalilinka, ƙari ne a wurinsa.

Muka tsayar da rana. Na zaɓi in je da yamma in kai har bayan magariba, domin lokacin ne gida yake jan wuta da gaske.

Dattijo ne mai natsuwa, ya tarbe ni da kansa, ya kai ni lungun da akwatin yake kusa da mita. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, wutar gidan nan ce ta yi mana kaɗan. Ka sa mana babban abu kawai mu huta." Na ce, "To Baba, bari mu ga abin da yake ciki tukuna."

Na kashe babban makunni, na gwada da testa na tabbatar, sannan na kwance sukuru huɗun da ke riƙe da murfin. Ko da an kashe makunnin, wayoyin da suka shigo daga mita suna nan da wutarsu, don haka na ce wa yarona ya riƙe tocila kawai, kada hannunsa ya wuce bakin akwatin. Abin da ya fara iso ni wari ne, warin robar da ta sha zafi ta huce, ta sake shan zafi. Gurbin fis shida ne a ciki, irin na da wanda ake ɗaura wa siririyar waya, amma wayoyin da suka fita zuwa cikin gida tara na ƙirga. An cusa biyu biyu a gurbi uku. A wurin da nutural suke taruwa akwai baƙin tabo kamar na hayaƙin fitila, sukurun wurin kuwa da yatsa ma zai juya. Da na zare fis ɗin soket, sai na tarar ba wayar fis ba ce a ciki. Wani ya yanko silin jan ƙarfe guda uku daga ragowar kebul, ya murɗe su ya ɗaura.

Na ɗora shi a tafin hannuna na nuna wa Baba. Ya ce ai wannan tun da aka gyara shi bai sake ƙonewa ba, ɗayan ne yake damunsu yanzu. Na ce masa aikin fis shi ne ya ƙone kafin wayar da ke cikin bango ta ƙone. Wannan da aka ɗaure ba zai ƙone ba, sai dai bangon ya ɗauki zafin a madadinsa. Ya daɗe yana kallon abin bai ce komai ba.

Daga nan na bi wayar ƙasa, wadda muke kira at, har waje inda aka kafa sandarta. Na tone ƙasar da ta rufe kanta, na ja wayar a hankali, sai ta biyo hannuna. Tsatsa ta cinye maɗaurin tuntuni. Gidan ba shi da at, kuma babu wanda zai iya cewa tun yaushe. A hoton da aka turo min babu wannan, babu warin, babu silin jan ƙarfen.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sana'ar ido yana kai ka rabin hanya ne kawai, sauran sai na'ura. Na ciccire wayoyin layukan ɗaya bayan ɗaya, muka zare duk abin da yake jone a soket, na gwada lafiyar robar da ta rufe wayar kowane layi da na'urar da muke kira mega, a kan bolt 500. Mafi ƙarancin abin da ƙa'idar IEC 60364 ta yarda da shi a irin wannan wayarin shi ne mega'om 1. Layi takwas sun wuce lafiya. Na fitilun waje ya tsaya a 0.3, alamar ruwa ya samu hanya a wani wuri. Na kuma gano fitilar baranda tana karɓar wuta daga layi ɗaya, tana mayar da nutural ta wani layin daban, irin matsalar nan da ta taɓa cinye min kwana biyu.

Dole in yi wannan gwajin kafin in rubuta ko lamba ɗaya, ga dalili. Tsohon fis ba ruwansa da yoyon wuta, shi dai kada nauyi ya yi yawa. Sabon akwati kuwa yana zuwa da bireka mai gane yoyo, wanda ake kira RCD. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in bambancin ya kai miliamfiya 30 ya yanke nan take, domin wutar da ta ɓace tana iya zama ta jikin mutum take bi. Saboda haka duk wata ɓoyayyar cuta da gida ya shekara ashirin yana zaune da ita, ranar da aka sa sabon akwati take fitowa fili. Mai gida zai ga jiya wutarsa lafiya, yau ka taɓa ta lalace. In ba ka nemo cutar ka sa ta a takarda ba, kai za ka biya kuɗin maganinta, ko kuma ka faɗa jarabar cire RCD ɗin don a zauna lafiya, wanda shi ne mafi muni.

Na mayar da komai yadda yake, ban da fis ɗin da aka ɗaure, shi na sa masa wayar da ta dace. Na ɗaure sukurun nutural, na sa wa sandar at maɗauri na wucin gadi. Sannan na maƙala kilam-mita, na'urar auna amfiyar da gida yake ja, a babbar wayar da ta shigo, na ce su yi harkarsu kamar ba na nan. Aka kunna fitilu da fankoki, firji da firiza suna aiki, iyakwandishan ɗin ɗakin Baba ya tashi, aka jona butar dafa ruwa, wata yarinya ta ɗauko dutsen guga. Mafi yawan abin da na gani amfiya 24 ne. Babban fis ɗin kamfanin wuta kuwa na amfiya 60 ne.

Muka zauna a falo, na juya bayan takarda na yi masa lissafin a gabansa. Wuta mai layi ɗaya ce, bolt 230. In ka ninka 230 sau 60, gidan yana da damar jan kilowat 13.8, ga shi ko rabi ba su kai ba. Ashe wutar ba ta yi kaɗan ba, rabonta ne ya lalace: buta da dutsen guga da iyakwandishan duk a kan layi ɗaya suke, abin da ya haura amfiya 18 a kan fis na 15. Da a ce babu sabon kayan da za a ƙara, da gyaran rabo kawai ya wadatar.

Sabon kayan su ne suka canza lissafin. Iyakwandishan biyu, kowanne kilowat 1.2 a jikin takardarsa, sun kama amfiya 10 da ɗan ɗoriya. Ban rage musu komai ba, domin ranar da ake zafi duka za a kunna. Hitar ruwa mai kilowat 3 tana jan amfiya 13, ita ma a cike na lissafa ta. Murhun da suke so kilowat 7 ne, wato kusan amfiya 30 in an kunna kowane kai da tanda lokaci guda. Ba a cika yin haka ba, kuma kowane kai yana ɗaukewa yana dawowa da kansa in ya yi zafi, shi ya sa jagororin wayarin na Birtaniya suke cewa a ɗauki amfiya 10 na farko a cike, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na ragowar. Ya zama 16. Na tara: 24 da 10 da 13 da 16, jimla 63.

Na ja layi a ƙarƙashin lambar. Da 45 ta fito, da na ce a bar wutar shigowa yadda take. Da 85 ta fito, da babu gardama sai an ƙara. Amma 63 a kan 60 lamba ce mai wahalar sha'ani, domin za ta yi aiki yau, ta yi gobe, sai ranar da gida ya cika da baƙi. Ni ba na gina aiki a kan gaɓa irin wannan. Idan kuma aka cire murhun daga lissafin, 47 ya rage, akwai sarari mai kyau.

Baba ya ce, "To ka sa babban bireka mana, mai ɗari." Na ce masa bireka ba ya ƙara wuta, kariya ce ga wayar da ke bayansa. Wayoyin da suka taso daga mita zuwa akwatinsa masu kaurin murabba'in milimita 10 ne, amfiya 100 kuwa 25 ake sa mata. Kebul ɗin da ya shigo daga waje, da babban fis, da mitar kanta, duk na kamfanin wuta ne, akwai hatiminsu a jiki, ba ni da ikon taɓawa. Su za su duba ko layinsu zai ɗauka, su za su yanke kuɗinsu, su za su sa rana.

Washegari na koma da tef ɗin awo. Wannan ɓangaren ba shi da daɗi amma nan kuɗi yake ɓuya. Daga akwati zuwa banɗaki in ka duba da ido taku goma ne, amma waya ba ta tafiya a miƙe. Sai ta hau bango, ta bi silin, ta kauce wa bim, ta sauko. Mita 9 ta zama 17. Na auna hanyar kowane sabon layi haka, na ƙara kashi goma cikin ɗari na lanƙwasa da yanke-yanke. Na leƙa silin ta ƙofarsa na ga inda mutum zai iya wucewa da inda rufin ya yi ƙasa sosai. Can ƙuryar da ke saman ɗakuna biyu na baya tocilata ba ta kai ba, kuma wayoyi uku sun nufi can. Na rubuta wannan a littafina na kewaye shi.

Da dare na zauna rubuta ƙiyasin, kuma takarda biyu na yi. Ta farko: sabon akwati, wutar shigowa ta zauna a amfiya 60, a sa iyakwandishan da hita, a jinkirta murhu. Ta biyu: duk abin da ke ta farko, da layin murhu mai waya mai kauri 6 da bireka mai amfiya 32, da sababbin manyan wayoyi masu kauri 25, da neman ƙarin wuta zuwa amfiya 100.

A duka biyun akwati iri ɗaya na sa, mai gurbi 18. Tsofaffin layuka tara, in aka raba na soket ɗin nan mai nauyi gida biyu sun zama goma, sababbi uku sun kai goma sha uku, na'urar kare kaya daga tsallen wuta za ta ci nata wurin, sauran na gobe ne. Bambancin kuɗin akwati mai gurbi 14 da mai 18 ƙanƙane ne in aka kwatanta da kuɗin sake cire shi bayan shekara biyu. Na daɗe ina juya batun RCD. Ana iya sa guda biyu su raba layukan gida a tsakaninsu, ya fi sauƙin kuɗi, amma yoyo a fitilar waje zai kashe rabin gida har da firiza. Ana kuma iya ba kowane layi nasa birekan mai haɗe da RCD, ya fi tsada, amma matsala tana tsayawa a inda ta faru. A tsohon wayarin irin wannan na fi son na biyun, shi na sa a lissafi, na rubuta a gefe abin da zai ragu in sun zaɓi na farkon.

Sai ƙananan kaya, waɗanda mai gaggawa yake mantawa su kuma cinye masa riba: fayif da maɗauransa, kawunan waya, sabuwar sandar at da maɗaurinta da wayarta, makunnin hita da na kowane iyakwandishan, takardun liƙa sunan layi. Kuɗin aiki na lissafa shi da mutum biyu, kwana biyu, har da rabin yinin gwaji a ƙarshe, domin gwaji aiki ne, ba kyauta ba ce da ake yi in lokaci ya rage. Gyaran fitilun waje da raba nutural ɗin baranda kowanne da layinsa a takardar. Haka kuɗin izini da na mai duba aiki, tunda a wurare da yawa doka ba ta yarda a canza akwati ba sai an sanar, an duba, an ba da shaida. Da na tara, akwatin da birekokinsa, abin da aka tambaye ni kuɗinsa tun farko, bai kai kashi ɗaya cikin uku na jimlar ba.

Ƙasan takardar shi ya fi cin lokacina. Na rubuta cewa kuɗin kamfanin wuta ba ya ciki, su za su faɗa, kuma kai tsaye za a biya su. Filasta da fenti a inda aka fasa bango ba sa ciki. Gidan zai zauna babu wuta kusan awa takwas a rana ta farko, a yi shirin abin da ke firiza. Farashin na kwana 14 ne, domin kuɗin waya yana bin kuɗin jan ƙarfe, shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Sannan na ware wani kaso daban na sa masa suna a fili: ƙuryar silin da ban iya gani ba. Na rubuta cewa ba za a taɓa wannan kuɗin ba sai na nuna wa mai gida abin da na tarar ya amince, in kuma ban tarar da komai ba, kuɗinsa ne. Wasu abokan sana'a suna narkar da irin wannan kason cikin kuɗin kaya yadda ba za a gani ba. Ni ban yarda da haka ba. Mutumin da zai biya yana da haƙƙin sanin wane ɓangare na lissafin tabbas ne, wane ne kuma tsammani.

Kwana huɗu shiru. Rana ta biyar Baba ya kira ni, na je na same shi da takarda uku a gabansa, biyu nawa, ɗaya ta wani. Ta wancan layi ɗaya ce: canza akwati zuwa babba, kaya da aiki, sai jimla. Kuɗin ya ɗan haura rabin nawa. Ya ce, "Ɗana, ba zargin ka nake ba. So nake in gane."

Ban kushe mutumin ba, ban san shi ba, wataƙila abin da aka tambaye shi ya amsa. Na ce wa Baba ya kira shi ya yi masa tambaya huɗu. Akwai RCD a akwatin? Sandar at tana ciki? Sababbin layukan hita da iyakwandishan suna ciki, ko a tsofaffin wayoyi za a jona su? In an kunna bireka ya ƙi zama, wa zai biya kuɗin nema? Na ce in amsoshin sun yi daidai da abin da ke takardata a wannan kuɗin, ya ba shi aikin da zuciya ɗaya. Ya sa tabarau ya rubuta tambayoyin da hannunsa.

Da yamma 'yarsa ta kira ta ce sun zaɓi takardata ta farko, murhu sai baɗi. Ta kuma tambaya ko za a iya saka manyan wayoyin nan masu kauri 25 tun yanzu, tunda za a buɗe wurin. Shawara ce mai kyau, domin ranar da kamfani zai zo cire fis ɗinsa don mu yi aiki ita ce ranar da ta fi dacewa a canza su. Na ciro wannan layin daga takarda ta biyu na mayar da shi ta farko, na sake tarawa, muka sa hannu.

A rana ta biyu ta aikin yarona ya kutsa ƙuryar nan da ciki, sai na ji ya ce, "Oga, zo ka gani." Wayoyi uku ne aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin tef, babu akwatin haɗi, suna kwance a kan katako. Tef ɗin ya narke ya bushe, katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi kamar faɗin tafin hannu. Na ɗauki hoto, na yanko haɗin gaba ɗaya na sauko da shi. Baba ya juya shi a hannunsa, ya tambayi saman wane ɗaki ne. Na ce na baya, na hagu. Ya ce nan jikokinsa suke kwana.

Gyaran ya ci wajen kashi biyu cikin uku na kason da na ware. A takardar ƙarshe na rubuta abin da aka kashe da abin da ya rage, na cire ragowar daga cikon da zai ba ni. Muka gwada kowane layi, fitilun waje suka haura ƙa'ida bayan an canza wayar da ruwa ya shiga, mai duba aiki ya zo ya sa hannu. Na liƙa sunan kowane bireka, na kama yatsan Baba na ɗora a kan maɓallin gwaji, ya danna, layin ya ɗauke, ya ɗaga ya dawo. Takarda ta biyu kuma na ninke ta na ba 'yarsa, na rubuta a samanta cewa adadin kayan yana nan daram, farashin ne za a sake dubawa ranar da suka shirya sa murhun.